Ranar da Wule Ta Zama Biyu

Gwaji arba'in da ɗaya na rubuta wa manhajar. Ranar Litinin da hantsi na danna, duka suka fito kore, alamar babu kuskure. Ban san na miƙe ba sai da na ji kujera ta faɗi a bayana.

"Kai Jabiru, a hankali," in ji Azubuike, ko ɗagowa bai yi ba daga wayar da yake kwancewa. "Kujerar nan ta girme ka."

Azubuike ne mai shagon gyaran waya da nake zama a bakin kasuwar Azare. A garin aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ni kuwa shekara biyu ke nan da gama sakandare. Jami'a ba ta samu ba. Ina canza gilashin waya a shagon, in aiki ya lafa in jawo tsohuwar kwamfutarsa in koyi rubuta manhaja. A gida Baba danne-danne yake kiran abin. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko ya ga abin da danne-dannen ya haifa, ko in tafi Jama'are in taya kawuna awon hatsi.

Manhajar saboda Malama Saliha na yi ta. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, ita ke zagaya rugagen Chinade tana yi wa shanu rigakafin ciwon huhu. Wata rana ta kawo gyaran waya, na ga littafin da take rubuta shanun. Ruwa ya taɓa shi, tawada ta zube, wasu shafukan sun manne da juna. Na ce zan iya mayar mata da shi cikin waya, ko babu sabis. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"To, Injiniya," ta ce. "Ranar Talata ina da garke uku. In abinka ya yi daidai, da shi da kai za mu yi zagayen bana. In ya yi mini ƙarya sau ɗaya, littafina na nan."

Wayarta tsohuwa ce. Da na zuba mata shanu dubu na ƙarya don in gani, sai ta sandare duk lokacin da aka nemi garke. Shi ya sa na raba aikin gida biyu. Akwai ma'aikacin gaba, mai kula da abin da ido ke gani, yatsa ke taɓawa. Akwai ma'aikacin baya, ba a ganinsa, shi ke riƙe da ainihin rajistar. A ce masa garken wane, ya tono ya miƙo, wayar ba ta tsaya jiransa ba. Sai dai na bayan nan ba ya taɓa miƙo ainihin abin da ke hannunsa. Kwafi yake miƙowa, kamar ka ba mai hoto takardarka ya ba ka irinta.

Gwaje-gwajen nan arba'in da ɗaya duk a kan kwafin suke. Ya zo da sunan saniya? Da na uwarta? Shekarunta ba su canza a hanya ba? Ranar allurar bara ta iso a matsayin rana, ko ta koma tarkacen haruffa? Wannan na ƙarshen kwana uku ya cinye mini. Yanzu duk kore.

"Tafi da kwamfutar gobe," in ji Azubuike.

"Ba sai na je da ita ba."

"Na ce ka tafi da ita. Duk wayar da na gyara na ce ta gama, ita ke dawowa."

Na ɗauka don kada ya ci gaba.

Talata da sassafe muka hau acaɓa zuwa Chinade, daga nan muka yanki daji. Malama Saliha da akwatin sanyi na magani a cinyarta, ni da jaka a baya. Iska na dukan fuskata ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda ya zautu.

A gindin wata babbar tsamiya aka kafa shingen itace, siriri, saniya ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Garke biyu na jira, na Baffa Jalo da na maƙwabcinsa Bubayero. Na ukun, na Malam Abdulrahim, yana can gaba, sai bayan la'asar. Satin da ya wuce na zo na shigar da garkunan uku a waya, don haka sun san ni.

Baffa Jalo dattijo ne dogo, sandarsa a kafaɗa. Tun da ya ji kakana Babarbare ne bai bar ni na huta ba.

"A'a, Babarbare ya dawo! Saliha, ke ma dai. Mutumin da bai san gaban saniya da bayanta ba shi zai ƙirga mana?"

"Baffa, ku da ba ku san gaban waya da bayanta ba fa?"

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

Malama Saliha ta fito da gwangwanin shuɗin fenti da take shafa wa duk wadda aka yi wa allura.

"Ki bar shi, Malama," na ce. "Aikin waya ne yanzu."

Ta mayar da shi jaka. "Bakinka ya faɗa."

Aka fara da garken Baffa. Saniya ta shigo shinge, Baffa ya kira sunanta, Malama ta soka, ni in danna. Suna ya koma kore. Saye. Fure. Ɓaleye. Wule. Wayar ko tari ba ta yi ba. Hamsin da bakwai cikin hamsin da bakwai. Na ɗaga wayar sama na nuna wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

"Ba laifi," in ji Malama.

Ba laifi! Ji na yi kamar in zagaya tsamiyar da gudu.

Aka shigo da na Bubayero, ashirin da huɗu. Nan ma tiryan-tiryan. Da ta ƙarshe ta fita, na duba. Ashirin da uku.

"Saura ɗaya," na ce da ƙarfi. "Wule. Ba a yi mata ba."

Bubayero ya buɗe baki zai yi magana, wani maraƙi ya tsallake shinge, ya bi shi da gudu. Malama ta hango saniyar a gefe, ja mai farin goshi, cikinta ya yi ƙasa sosai, haihuwa ko yau ko gobe. Ta zuƙi magani a sirinji ta nufe ta. Shanu tamanin ta soka tun safe, ba za ta tuna fuskar kowace ba, kuma babu fenti.

Ta ɗaga hannu ke nan Baffa Jalo ya tare da sandarsa.

"An yi mata."

"Waya ta ce ba a yi ba, Baffa."

"Waya ba ta nan lokacin da aka haife ta. Ni na kira sunanta ɗazu da bakina. Ta ga uwarta a garkena ta bi ta, ta shiga cikin nawa. Taɓa wuyanta ki ji."

Malama ta shafa wuyan. Ga ɗan kumburin allura nan. Ta juyo ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba, na so a ce ta ɗaga.

"Saniya mai tsohon ciki, Jabiru. Saura kaɗan in yi mata biyu."

Na buɗe shafin Baffa. Wule, kore. Na buɗe na Bubayero. Wule, ja. Saniya ɗaya tsaye a gabana tana tuƙa, a waya kuma ta zama biyu.

"Wai ta waye?" na tambaya.

"Tawa ce," in ji Baffa.

"Tawa ce," in ji Bubayero, ya dawo yana haki.

"Ka ji ɗan birni," Baffa ya ce. "Shekara uku da suka wuce ciwo ya shiga garken Bubayero, ya kusa share shi. Na ɗaura masa Wule. Za ta zauna wurinsa ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa, nonon na iyalinsa. In ta gama ta dawo gida. Haɓɓanaye muke ce masa. Wannan cikin shi ne na uku."

Sai na tuna. Ranar da na zo rajista kowannensu ya ce in sa ta a nasa. Ban tambayi dalili ba, sauri nake. Na rubuta ta sau ɗaya, na rataya ta a garke biyu. Wato a wurin ma'aikacin baya ita ɗaya ce, daidai. A hanyar zuwa gaba ne ta rabu. Shanun ƙarya dubu da na yi gwaji da su kuwa, kowace mai gida ɗaya gare ta. Ni na ƙirƙire su, kuma ni ban taɓa sanin saniya na iya zama ta mutum biyu ba.

Malama ta ciro littafinta daga jaka. Ta ciro fentin.

"Malama. Ki ba ni zuwa la'asar."

"Na ce sau ɗaya."

"Na san inda yake. Wallahi na san inda yake."

Baffa ya sa baki. "Bar shi ya gwada, 'yata. Ban taɓa ganin Babarbare yana gumi a kan saniya ba, ina son in kalla."

Ta dubi agogo. "Muna idar da la'asar zan wuce rugar Malam Abdulrahim. Da waya ko da littafi."

Na zauna a kan saiwar tsamiya na buɗe kwamfutar. Cajinta saura kashi arba'in da huɗu, kuma batirin nan maƙaryaci ne. A raina na gode wa Azubuike. A fili ba zan faɗa masa ba.

Ban taɓa gyaran ba tukuna. Gwaji na fara rubutawa, na arba'in da biyu. Garke biyu, saniya ɗaya a cikin duka biyun. A nemo su daga baya. A sa mata alama a na farko. A duba na biyu. Na danna.

Ja.

"Yauwa!" Ihun ya fita kafin in kama shi.

"Ya gyaru?" in ji Bubayero.

"A'a. Ya lalace."

"Shi ne kake murna?"

"Ya lalace a gabana. Yanzu ina iya ganinsa."

Bubayero ya kalli Baffa. Baffa ya taɓa gefen kansa da yatsa.

Matar Baffa ta aiko da ƙwaryar fura da nono. Na sha ban san na sha ba. Tambaya ɗaya ke cina: a ina daidai take rabuwa? Na canza gwajin kaɗan. Maimakon na baya ya miƙo garken Baffa daban, na Bubayero daban, na ce ya ƙulle su a ƙunshi ɗaya ya miƙo. Na danna.

Kore!

Ashe mai kwafin ba wawa ba ne. In ya ga saniya sau biyu a cikin ƙunshi ɗaya, yana gane ta, ya kwafe ta sau ɗaya. In kuwa aka kawo masa a tafiya biyu, ya manta ya taɓa ganinta, sai ya yi sabuwa. Na sake rabawa, ja. Na haɗa, kore. Na raba, ja. Sau biyar na yi don daɗin kallo kawai.

"To a riƙa haɗawa mana," in ji Malama. Ashe tana tsaye a bayana.

Na gwada da shanu dubu a ƙunshi ɗaya, na tura wa wayarta. Ta sandare. Muka zuba mata ido. Sai da na ƙirga goma sha tara kafin ta farfaɗo.

"A cikin shinge, da bijimi yana huci a kaina, ba ni da goma sha tara," ta ce.

Gaskiyarta. Caji saura ashirin da shida.

Muka yi azahar. A sujada ma garke nake gani, Allah Ya yafe mini. Ina sallamewa dabara ta zo.

"Suna! In an danna Wule a nan, a nemo duk inda Wule take a sa mata alama."

Bubayero ya tuntsire da dariya. "Wace Wulen? Duk mai farin goshi Wule ce. Ga wata can. A wurin Abdulrahim akwai biyu."

"A haɗa da sunan uwa."

"Wule 'yar Saye biyu ce," in ji Baffa. "Ya da ƙanwa."

Ban yarda ba sai da na gwada da ainihin sunayen garkunan uku. Gwaji na arba'in da uku. Ja wur. Danna ɗaya, Wule huɗu suka koma kore. Da na bi wannan hanyar, shanu uku za su koma daji ba rigakafi, waya na rantsuwa an yi musu. Wannan ya fi na farko muni.

"Baffa, kai yaya kake yi? In Wule ta tafi wurin Bubayero shekara uku, me kake riƙewa?"

"Me zan riƙe? Tana can."

"In wani ya ce maka ta haihu fa?"

"Sai in ce madalla. Ai ba sai an kawo mini wata saniyar an ce ga irinta ba. Labari ake kawo mini. Saniyar tana inda take."

Na juya na kalli kwamfutar.

Kuskurena ke nan tun farko. Ina sa alama a jikin kwafi. Kwafi na kallo ne. Alamar, wurin ainihin saniyar ya kamata ta je.

Yatsuna suka fara gudu. Kowace saniya na ba ta lamba tata ita kaɗai, a can wurin na baya, lambar da ba ta canzawa ko an kwafe ta sau ɗari. In aka danna suna a gaba, ba a taɓa kwafin. Labari kawai ake aikawa baya: lamba kaza, an yi mata, ƙarfe kaza, a garken wane. Na baya ya rubuta a ainihin rajista, ya sabunta duk shafin da take ciki. Alamomin da na danna da safe na bi su na mayar masa. Caji saura tara. Na yi kuskuren harafi, na gyara. Saura shida. Bubayero ya tsaya yana kare mini rana da malafarsa, ban roƙe shi ba.

Na danna gwajin duka.

Kore, kore, kore, suna gangarowa. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Arba'in da uku.

"Allahu akbar!"

Na jona wayar Malama da igiya na tura. Layin ya cika, ya ce an gama, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba tsakani.

Malama ta karɓi wayar ta buɗe shafin Bubayero. Ashirin da huɗu cikin ashirin da huɗu.

"Wannan ka riga ka san amsarsa," ta ce. "Mu je inda ba ka sani ba."

Bayan la'asar muka taka zuwa rugar Malam Abdulrahim. Baffa ya ce zai raka mu, ƙafarsa na son miƙewa. Bubayero ban gan shi ba tun da aka tada salla. Ban kawo komai a raina ba.

Garken talatin da takwas ne. Wannan karon Malama ta buɗe fentinta. Malam Abdulrahim na kira, tana soka, ina dannawa. Wule ta farko ta wuce, na danna, na leƙa ta biyun da sauri. Tana nan ja, tana jiran layinta. Goma sha biyar. Ashirin. Ashirin da shida.

Wata fara mai dogon ƙaho ta shigo.

"Fure!" in ji Malam Abdulrahim.

Na kai yatsa. Sunan ya riga ya zama kore. A ƙasansa an rubuta: an yi mata yau, tara da minti goma, garken Jalo.

Malama ta riga ta kama fatar wuyan.

"Tsaya! Malama tsaya! An yi mata!"

Ta tsaya, allurar a sama. "Ka tabbata? Garken Baffa yana can baya."

Ban tabbata ba. Ban san saniyar ba, duk farare iri ɗaya suke a idona. Wayar kawai nake da ita, da gwaji arba'in da uku.

"Na tabbata."

Ta shafa ɗaya gefen wuyan a hankali. Hannunta ya tsaya a kan kumburi.

Sai ga dariya daga bayan shinge. Bubayero ne, ya riƙe ciki. Baffa Jalo ya jingina da sandarsa yana share hawaye.

"Ta Abdulrahim ce," ya ce. "Shi ya ɗaura mini ita bara waccan. Kana tsammani ni ba a ba ni? Za a tada salla na ce Bubayero ya koro ta nan ta bayan gona. In abin ya iya da Wule kaɗai, ai bai iya ba."

"Da na soka fa, Baffa?" in ji Malama.

"Sandata na kusa."

Malam Abdulrahim ya leƙo wayar, ya ce a karanta masa abin da ta rubuta. Na karanta. Ya ce a sake. Na sake.

"Babarbare," in ji Baffa, "yau ka san gaban saniya. Bayanta sai wata shekara."

Aka ƙarasa sauran. Talatin da takwas cikin talatin da takwas, allura talatin da bakwai.

A bakin hanya, muna jiran acaɓa, Malama Saliha ta ciro littafin nan mai manannun shafuka ta ɗora mini a hannu. Ya fi yadda na zata nauyi.

"Shanu dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu. Ka shigar da su kafin Litinin. Duk wadda ka gani a garke biyu, ka tambaya, kada ka yi saurin nan naka. Litinin ƙarfe shida, tashar Chinade."

"To, Malama."

"Kuma fenti zan riƙa zuwa da shi."

"Ki zo da shi."

Washegari da safe ina zaune a zaure da littafin a cinya, ina ɓamɓare shafi da reza, Baba ya fito zai tafi kasuwa. Ya tsaya a kaina.

"Litinin ina da aiki," na ce.

"Jama'are?"

"Chinade. Rigakafin shanu. Wata biyu."

Ya karɓi littafin ya juya shi. Warin garke na tashi daga ciki. Ya bi sunayen da yatsa, shafi ɗaya, biyu, uku.

"Duk waɗannan cikin wayar za su shiga?"

"Duka," na ce. "Kowace sau ɗaya."